Tabon da Rigar Ruwa Ta Bar Min a Wuya

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ji masu iya magana. To mu a gidanmu ranar wanka Asabar ce, kuma ba cibi kaɗai ba, duk abin da kika kwaso a jikinki cikin mako sai an gan shi.

Wadda ba ta san ni ba, sunana Kaisa, shekarata ashirin da takwas, 'yata ɗaya, Aili, shekararta shida. Mijina Reino ya rasu shekara uku ke nan. Ya fita kamun kifi a Tafkin Superior wata safiya, kwale-kwalen ya dawo shi kaɗai, shi kuwa sai bayan kwana tara ruwa ya dawo mana da shi. Tun daga nan na tattara na koma gidan Mama, ɗakin sama mai taga ta wajen bishiyoyi, don ta ce ba za mu kwana a ɗakin da ake hango ruwa ba.

Na yi muku alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba, to ga shi. Wata uku ina yi wa Mama ƙarya. Na ce mata an ƙara min aikin asuba a ɗakin wanki na gidan tsofaffin da nake aiki, Talata da Alhamis da Asabar, ta riƙe min Aili. Ba aiki nake zuwa ba. Tafki nake zuwa. Na sa sunana a gasar ƙarshen Agusta, wadda za ki yi iyo rabin mil, ki fito a jiƙe ki hau keke mil goma sha biyu, ki sauka ki yi gudu mil uku, duk a jere babu hutu.

Kafin ku zage ni ku ji dalili. A farkon bazara aka gayyaci Aili bikin ranar haihuwar ƙawarta a bakin tafki. Yara goma sha ɗaya suna ta tsalle a ruwan da bai kai gwiwa ba, tawa tana cikin mota ta ƙanƙame bel da hannu biyu. Na durƙusa a bakin ƙofar na lallashe ta, na yi mata alkawarin alewa, ko gezau.

"Mummu ta ce ruwa yana cin mutane," ta ce min. Haka take kiran Mama. "Duk wanda ya shiga ba ya fitowa."

Ranar na ƙudura a raina sai yarinyar nan ta ga uwarta ta shiga ruwan nan da ƙafarta, ta kuma fito da ƙafarta, a gaban jama'a. Shi ke nan abin da nake so. Ba kofi nake nema ba.

Mu takwas ne muke atisaye, duk mata, kuma shugabarmu Bernie ce, tsohuwar nas mai shekara sittin da huɗu, fata kamar ƙirgi, baki kamar reza. Ranar farko na je musu da tsohuwar rigar Reino ta auduga mai ruwan toka, da wandon keke na gwanjo mai ɗan soso a ciki, da kamfaina a ƙarƙashi kamar kowace 'yar mutunci. Muka yi keke, muka ɗan yi gudu. Kafin mu dawo wajen motoci na fara tafiya kamar agwagwa. Cinyoyina sun ƙuje, hammatana sun yi ja, ƙarƙashin rigar mamana kuwa kamar an zana min layi da wuta.

Bernie ta bi ni da kallo daga sama har ƙasa.

"Zo nan, 'yata. Me kika sa a ƙarƙashin wandon nan?"

"Abin da kowa ke sawa."

"Kowa a coci. Nan ba a sawa."

"Ba a sa me?"

"Komai."

Sauran matan suka kwashe da dariya, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Wata ta ce in kwantar da hankalina, ita sai da ta yi wata biyu tana wahala kafin kunya ta bar ta ta tambaya.

"Auduga ƙawarki ce a gado, maƙiyiyarki ce a hanya," in ji Bernie. "Ta sha ruwa ta riƙe, ta naɗe, sai ta koma zarto. Wandon nan don fatarki aka ɗinka shi, kar ki sa masa ɗan tsakani. Da shi za ki yi iyo, da shi za ki hau keke, da shi za ki yi gudu. Ki juya duk abin da za ki saya ki shafa ɗinkin da yatsa, in kin ji tudu ki ajiye musu kayansu. Ɗan ƙyallen nan na kamfani da ke wuya, almakashi." Ta laluba jakarta ta miƙo min wani mai daskararre, kamar sabulu a cikin gwangwani. "Wannan kuma duk inda fata ke gaisawa da fata, ko da tufa. Wuya, hammata, ƙarƙashin rigar mama, tsakanin cinyoyi. Banda basilin in za ki sa rigar ruwa, yana lalata roba. Wannan rigar ta jikinki fa?"

"Ta mijina ce."

Ta sake kallon rigar. Kowa a garin nan ya san wane ne mijina.

"To ki ajiye masa ita a bushe," ta ce. "Ki sa ta bayan kin gama."

Tun daga ranar na bi maganarta kamar karatu, jikina ya warke, Asabar goma sha biyu na shiga ɗakin sirace, wurin wankanmu na tururi, tare da Mama ba ta ga komai ba. Sai Asabar ɗin da ta rage kwana takwas a yi gasa. Na makara, na bar man a mota, na zura rigar ruwa da sauri. Baƙar rigar roba ce mai kama jiki daga wuya har idon sawu, don ruwan tafkinmu ko a Agusta ba ya wasa. Zif ɗinta a baya yake, shi ya sa mata ke ja wa juna, su kwantar da ɗan harshen nan mai ƙarangiya da ke rufe shi a ƙeya. Ni kuwa na tarar duk sun shiga ruwa, sai na ja abina da igiya, harshen ya karkace. Minti arba'in ina juya kai dama ina shaƙar iska, shi kuma yana cin wuyana. Da na duba madubin mota na ga tabo ja jawur, faɗin babban yatsa, daidai ƙasan kunne.

Wuni guda na yi da riga mai dogon wuya, a cikin zafin Agusta. Amma ɗakin sirace ba a shigarsa da riga.

Namu na katako ne, a bayan gida, Baba ya gina shi kafin ya rasu. Ƙarfe biyar Mama ta hura wuta, ƙarfe shida muka shiga mu uku. Aili tana bencin ƙasa da 'yar tsanarta, mu muna na sama. Mama ta kamfaci ruwa ta watsa wa duwatsu, tururi ya tashi, ta juyo za ta miƙo min ludayin, sai hannunta ya tsaya a iska.

"Aili, jeki ɗakin sa kaya ki sha lemonki."

"Ban gama ba, Mummu."

"Kin gama."

Ƙofa na rufuwa ta ce, "Wane ne?"

"Wane ne me?"

"Kar ki mayar da ni yarinya, Kaisa. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin miji. Aikin asuba ko? Talata da Alhamis da Asabar?" Tana ƙoƙarin haɗe rai amma gefen bakinta yana tona mata asiri. "Wendell ne, ko ba shi ba? Ka ga mutum kamar ba zai iya kashe ƙuda ba."

Wendell shi ne mai shagon kayan gini na kan babban titi. Shekararsa talatin da takwas, bai taɓa aure ba, rigunansa duka masu gida-gida ne kuma duka a goge. Shi ke yanke wa Mama ciyawa, shi ke kwashe mata ƙanƙara a hunturu. A watan Mayu ya tsaya a barandarmu da hula a hannu ya ce yana so ya aure ni, na ce ya ba ni lokaci. Tun ranar Mama ba ta bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Wendell ba ya sha, Wendell yana da gida, Wendell ko kamun kifi ba ya zuwa. Wannan na ƙarshen shi ne babban abin da ya saye ta.

"Ni ba na goyon bayan rashin kamun kai," ta ce, tana ƙara wa duwatsu ruwa. "Amma tunda abin ya kai nan, gobe bayan coci zan ga fasto."

'Yan uwa, kun san me na yi? Shiru na yi. Ni da nake cika baki a nan. Na ga ƙaryar da ta ƙirƙiro min ta fi tawa sauƙi, na ce a raina kwana takwas ne kawai, in an gama gasa na warware. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, gumi yana shiga tabon yana min raɗaɗi, na ce alhakina ne.

Ban san tana fita za ta ɗauki waya ba. Ina taje wa Aili kai saƙo ya shigo.

"Barka da yamma Kaisa. Mamanki ta kira ni. Ta yi min faɗa na minti goma sha biyu a kan abin da ban gane ba, sannan ta tambaye ni ko watan Oktoba ya yi min. Na ba ta haƙuri don na ga ya fi sauƙi. Me na yi? Wendell."

Haka yake, ko "to" zai rubuta sai ya sa sunansa a ƙasa, kamar ana iya ɗaukarsa da wani.

"Ba ka yi komai ba," na rubuta.

"Haka nake zato. To wa ya yi? Wendell."

Sai na ji wani iri. Bawan Allah ya ɗauki laifin da bai san ko na wane ne ba, yana zaune can yana saƙa da warwara. Na buɗe hotunan wayata, na tura masa na rigar ruwa a shimfiɗe a bayan mota, na tura na wuyana.

"Ga wanda ya yi. Ina cikin gasar Lahadi ta sama."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta fito, ta ɓace.

"A tafki?"

Karo na farko ke nan da ya manta sunansa.

Washegari na sauko da wuri. Mama tana kicin cikin rigar cocinta mai ruwan bula da farin wuya, ta ɗora kofi, tana yanka burodin da ta gasa jiya, har da ɗan waƙe-waƙenta. Aili tana sama tana neman takalmi. Na shiga mota na ɗauko rigar, na shimfiɗa ta a kan tebur tsakanin man shanu da sukari. Ta yi kwance kamar baƙin mutum marar kai.

"Ga Wendell ɗinki, Mama. Ita ta ji min ciwo a wuya. Wata uku ina iyo a tafki."

Wuƙar ta tsaya a tsakiyar burodi. Ta kalli rigar, ta kalle ni, ta ajiye wuƙar a hankali.

"Ɗauke min wannan abin daga teburina."

"Zan ɗauke. Amma Lahadi mai zuwa zan shiga, kuma ina so Aili ta gani. Ina so ki riƙe min ita a bakin ruwa."

"In riƙe miki ita." Muryarta ko ɗagawa ba ta yi ba, da ma ta yi ihu da ya fi min. "Ni na je na gane gawarsa, Kaisa. Ke kina kwance ba ki san inda kanki yake ba. Ni na ga abin da ruwan nan yake yi wa mutum a kwana tara. Yanzu ki ce in tsaya da marainiya a hannu, in kalle ki ki taka ki shiga bakinsa?"

"Reino bai iya iyo ba, Mama."

"Rufe min baki."

"Ba zan rufe ba. An haife shi a bakin ruwa, ya yi shekara talatin a bakin ruwa, ko tafi ɗaya bai iya yi a cikinsa ba, don uwarsa tsoro ta koya masa maimakon iyo. Tsoron ya hana shi hawa kwale-kwale? Garin nan ruwa gabas ruwa yamma. Wata rana Aili za ta kai sha shida, ƙawaye su ja ta su hau jirgin wani, ranar babu ke babu ni. Me za ta riƙe? 'Mummu ta ce'?"

"Wato ni ce maƙiyiyarta."

"Ban ce ba."

"Kin ce. Wata uku ina dafa mata hatsin safe, ina cewa 'yata tana neman na kanta, ashe ke kina can kina wasa da ranki. Da ma Wendell ɗin ne. Wallahi da ma shi ne." Ta ɗauki jakarta. "Ba zan riƙe ta ba, ba zan kai ta ba. Ƙafata ba ta taka yashin nan ba shekara uku, ba kuma za ta taka ba. In kin ga dama ki ɗaure ta a jikin bishiya."

Ita kaɗai ta tafi coci ranar. Daga nan gidan ya koma kamar an yi mutuwa. In za ta ce a miƙo gishiri sai ta ce wa Aili ta ce wa uwarta.

Ku fahimce ni, ba ni da wanda zan bar wa yarinyar nan. Aili ba ta yarda da baƙo, bare a bakin ruwa, kuma ni ba uwar da za ta miƙa 'yarta ga wadda ta gani yau ba ce. In babu hannun da ta sani, ba zan shiga ba. Mama ta san haka sarai, shi ya sa ta zaɓi wannan makamin.

Ranar Laraba Wendell ya zo wajen aikina lokacin hutun rana, da abinci a takarda. Muka zauna a bencin baya, kusa da bututun da ke fitar da iskar injin busar da kaya. Ya daɗe yana juya hularsa.

"Zan riƙe miki Aili," ya ce. "Ta san ni. Ni na gyara mata keke."

Zuciyata ta yi sanyi, har na buɗe baki zan yi godiya.

"Amma daga wannan shi ke nan, Kaisa. Ba sauran tafki. Kuma ki ba ni amsata kafin Lahadi, in san wa nake tsaye ina jira."

Na naɗe abincin na mayar masa a cinya.

"Wendell, kai mutumin kirki ne, kowa ya sani. Amma ba zan sayi mai riƙe min 'ya da aure ba."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa. Ina da mai hana ni ruwa a gida, ba na neman ta biyu mai gemu."

"Ba ni da gemu."

"To ka ga ko nan ba ka cika sharaɗi ba."

Bai yi dariya ba, ni ma dariyar ba ta kai cikina ba. Na koma ciki na ninke zannuwan gado arba'in kamar su suka yi min laifi.

Ranar Alhamis da safe na buɗe ƙofar ɗakina na kusa yin tuntuɓe da wani ɗan koren gwangwani. Man da ake shafa wa hantsar saniya ne in ta tsage, wanda Mama ta taso da shi a gonar iyayenta, kuma har yau ta yarda babu ciwon fatar da ya fi ƙarfinsa. Babu takarda, babu magana. Na shafa a wuyana. Da na sauko na ce, "Na gode, Mama," sai ta ce wa Aili, "Ce wa uwarki ban san zancen da take yi ba."

Kafin Asabar tabon ya bushe. Sirace kuwa ba a hura wuta ba, karo na farko tun rasuwar Baba.

Bernie ta turo saƙo da yamma. "Na ji labari. Ni zan zauna da yarinyar, na yi gasar nan sau ashirin da tara, ba za ta yi kewata ba."

"A'a. Ta talatin ɗinki ce, kuma Aili ba ta san ki ba."

"Taurin kai. To ki zo da kayanki duk da haka. Kar ki sa sabon abu ko ɗaya, ko safa. Abin da jikinki ya sani shi za ki sa."

Lahadi ƙarfe shida na safe na rubuta a bayan ambulan, "Rukuninmu ƙarfe takwas da kwata," na jingina shi da tulun sukari. Ƙofar Mama a rufe. Na sa wandona da 'yar rigata marasa tudun ɗinki, babu komai a ƙarƙashi sai rigar mama ta gudu, na bi duk inda Bernie ta lissafa na shafe da mai. Aili ta zana min jan tauraro a kan hular robata mai ruwan ɗorawa, wai don ta gane ni. Na ba ta rigar babanta ta riƙe.

"Ki ajiye min ita a bushe," na ce.

A bakin tafki mutane sun fi ɗari uku. Na rataye kekena, na jera takalma a kan tawul, wata mata ta rubuta min lamba a dantse da shekaruna a ƙwauri. Aili ta fito daga mota, wannan kaɗai ma nasara ce, amma ta manne a ƙafata ta ƙi kallon ruwan. Na sa rigar ruwa zuwa ƙugu, na ja ta sama sosai yadda ba za ta ja min wuya ba, na zura hannuwa. Zif a buɗe. Ban bari kowa ta ja min ba, don na san in aka ja shi kuma ban shiga ba zuciyata za ta karye sau biyu.

Rukunin farko suka shiga. Na biyu suka shiga. Takwas da minti biyar. Bernie ta zo da hularta a kai ta tsaya kusa da ni. Na fara shirya abin da zan faɗa wa Aili, cewa yau kallo muka zo, ta ga matan nan duk za su fito. Na san ba ɗaya ba ne. Waɗannan ba uwarta ba ne.

"An rubuta miki lamba kamar saniyar kasuwa."

Na juya. Mama ce, cikin rigar coci da takalmi mai tsini yana nutsewa a yashi, jaka a maƙale a hammata, idonta a kaina kaɗai kamar babu wani tafki a duniya.

"Mummu." Aili ta sake ni ta ruga.

"Wendell ya sauke ni tun ɗazu ya arce kamar an biyo shi," ta ce. "Ban yarda ba, kar ki ɗauka na yarda. Amma ba za a ce jikata ta tsaya a hannun baƙi ina raye ba. Juya."

Na juya mata baya. Na ji yatsunta, yatsun da suka yi shekara arba'in a kan keken ɗinki, sun tattare min gashi sun tura cikin hula. Ta miƙa wa Bernie hannu ba tare da ta kalle ta ba.

"Ke ce mai koya musu yawo babu kamfai? Ba ni man."

"Ni ce," in ji Bernie, ta ba ta.

Ta shafe min wuya har bayan kunne, ta ja zif ɗin a hankali har sama. Ta kama ɗan harshen nan ta duba shi kamar mai duba aikin wani tela.

"Wannan ne?"

"Shi ne."

"Ɗinkin banza." Ta kwantar da shi daidai, ta danne da babban yatsa, ta zura yatsa ɗaya tsakanin robar da fatata ta zagaya. Ta bar hannun a ƙeyata ya ɗan daɗe fiye da yadda aikin yake buƙata.

Na ciro wayata zan ba ta ta ajiye, sai na ga saƙo.

"Na janye sharaɗin. Tambayar tana nan. Na shiga cikin masu tsaron ruwa, ina wajen balan-balan ta biyu mai nuna hanya a ruwa, cikin jan kwale-kwale. Sau uku na kife jiya wajen koyo, kar ki dogara da ni sosai. Wendell."

Na ɗaga kai. Can nesa, kusa da ƙatuwar balan-balan mai ruwan lemo, ga wani ɗan jan kwale-kwale yana ta juyawa a wuri ɗaya, mai shi sanye da rigar ceto a kan riga mai gida-gida.

"Me kike wa murmushi?" in ji Mama.

"Ba komai."

"Oktoba dai tana nan."

"Mama."

Aka kira masu hula ruwan ɗorawa. Mama ta sunkuya ta ɗauki Aili, ƙirji da ƙirji, duk nauyinta, sannan ta juya wa tafkin baya. Fuskarta tana kallon wurin ajiye motoci, fuskar Aili a kan kafaɗarta tana kallon ruwa.

"Ni ba zan kalla ba," ta ce. "Ke ce idona. Duk abin da ta yi ki faɗa min, kar ki rage."

Aili ta ƙanƙame rigar babanta, ta buɗe ido a kan tafkin, karo na farko a iya sanina.

Na bi sahun mata na taka. Sanyin ya kama min idon sawu, ya hau gwiwa, ya kai ƙugu. Daga baya na jiyo 'yar muryarta.

"Mummu, ta shiga."

"Sai me?"

"Ruwan ya kai mata ciki. Bai cinye ta ba. Tana ɗago mana hannu."

"Ce mata ta daina ɗaga hannu, ta kalli gabanta."

Na kalli gabana. Rabin mil na ruwan da ya ɗauke min miji, da jan kwale-kwale a tsakiyarsa ɗauke da tambayar da ban amsa ba. Dole sai na wuce ta gabansa kafin in dawo wa 'yata, kuma har yanzu ban san me zan ce masa ba.

Aka busa ƙaho. Na sa fuskata a ruwa, na juya kai dama na shaƙi iska, babu abin da ya ci min wuya.